Hular Kwano: Aro da Laƙabi a Hausar Bariki

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba hanyoyi biyu da sojoji masu magana da Hausa suka bi wajen sanya wa baƙin abubuwa suna, wato aron kalma da kuma kwatance. Za a ɗauki hular ƙarfen soja a matsayin babban misali, tare da lura da Hausar Tamale a arewacin Gana.

2.0 Hausa a bariki

Dagbani shi ne babban harshen Tamale, har da unguwanni irin su Nyanshegu. Hausa ta shiga garin ta ƙofa biyu: zango da bariki. Tun daga 1863, lokacin da Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, Turawan Ingila suka riƙa amfani da Hausa wajen horar da sojojinsu, ko da kurtun ba Bahaushe ba ne. Haka abin ya ci gaba a rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya fara haɗawa a 1897. Tamale ta zama hedikwatar yankin Arewa a 1907, kuma barikinta na ɗauke da sunan Kamina, tashar wayar iskar Jamusawa a Togo wadda ta faɗi a watan Agusta na 1914.

3.0 Hanya ta farko: aro ta kunne

Sunayen muƙamai an aro su ne daga Ingilishi, aka gyara su daidai da tsarin sautin Hausa:

corporal > kofur
captain > kyaftin
colonel > kanar
lieutenant > laftanan
sergeant major > samanja
recruit > kurtu

A lura da abubuwa uku. Na farko, p kan koma f. Na biyu, l ta ƙarshen kalma kan koma r. Na uku, kunne ne ya yi aron, ido bai ga rubutun ba. Babu f a rubutun lieutenant, amma Turawan Ingila suna furta ta, shi ya sa ta fito a laftanan. Da daga bakin Amurkawa aka ji kalmar, da ba a sami f ɗin ba.

4.0 Hanya ta biyu: kwatance

Da aka zo kan hular ƙarfe sai aka bar aro. Hausa tana da tsohuwar kalma, kwalkwali, wanda 'yan lifida ke sawa, amma ta tsaya wajen mahaya dawaki da hawan salla. Sabon abin sai aka kira shi hular kwano. Dalilin yana cikin siffarsa: hular da Brodie ya ƙirƙiro a 1915, wadda sojojin Ingila suka sa a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, ba ta da zurfi, ga faɗin baki, kamar an kifa kwanon tuwo a ka.

Wannan dabara ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Jamusawa sun kira hular Brodie kwanon latas. Sojojin Amurka sun kira tasu, M1 ta 1941, tukunyar ƙarfe. Wadda ta gaje ta a shekarun 1980 ba ƙarfe ba ce, da zaren Kevlar aka yi ta, amma duk da haka sunan tukunya ya bi ta. Sunanta na hukuma PASGT ne, baƙaƙe huɗu da wasali guda, don haka sojoji da masu tara tsofaffin kayan yaƙi suke saƙala wasali su ce pasget. Abin da Bahaushe ya yi ke nan da ya mayar da private ta zama farabiti.

Yau hular kwano ta fita daga bariki, ta zama sunan hular masu babur.

5.0 Nahawu

Hular kwano harɗaɗɗen suna ne: hula + -r + kwano. An sami -r domin hula jinsin mace ce. A jam'i sai -n ta maye gurbinta: hulunan kwano. Hausar Gana ba ta riƙe bambancin jinsi kamar ta Kano ba, saboda haka ɗalibi zai iya jin hulan kwano a Tamale. Kada ya yi saurin cewa kuskure ne. Tsarin wannan karin harshen ke nan, kuma ya kamata a rubuta shi yadda aka ji.

6.0 Kammalawa

Muƙami ba shi da siffar da za a kwatanta, don haka aka aro sunansa. Abin da ido ya gani, hannu ya taɓa, shi ya fi samun laƙabi daga kayan gida. Ɗalibin da ya rarrabe hanyoyin nan biyu zai iya karanta tarihin cuɗanyar al'ummu a cikin kalma guda.

Aiki

1. Bayyana sauye-sauyen sautin da suka haifar da fareti, begila da hafsa.
2. Yaya kake zaton Bahaushe zai furta pasget? Kawo hujja daga sashe na 3.0.