Yadda dare ɗaya ke ɗaga ƙungiyar makaɗa, wani daren ya kayar da ita a ƙasar Maiyama

A Andarai da garuruwan da ke kewaye da ita a ƙananan hukumomin Maiyama, Jega da Aliero, kakar makaɗa tana bin kakar manoma. Idan an girbe gero da shinkafa, aka sayar da albasar Aliero, bukukuwan aure kan yawaita, nan ne kalangu ke samun aiki. Yankin ba baƙon kiɗa ba ne: daga Fagada ta ƙasar Maiyama marigayi Muhammadu Gambo, wato Gambu mai waƙar ɓarayi, ya fito.

Ƙungiyar kiɗan gargajiya tana da tsari. Akwai jagora mai ɗora waƙa, da 'yan amshi, da masu kiɗa, da sanƙira mai shelar sunan wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Babu albashi, babu takardar yarjejeniya. Abin da aka yi kari da shi a fili shi ake rabawa bayan an tashi, jagora ya ɗauki kaso mafi tsoka domin shi ke da suna da kayan kiɗa.

Daren da makaɗa ba sa mantawa shi ne wanda gasa ta kaure tsakanin masu kyauta. Sanƙira ya ambaci wani, abokin hamayyarsa ya ninka, har a kai ga babbar riga ko babur. Irin wannan dare kan ciyar da gidan ɗan amshi tsawon makonni.

Mummunan dare kuwa yana da fuskoki da yawa. Janareta ya mutu ana tsakiyar waƙa, ko faɗa ya ɓarke tsakanin samari a watse, ko mai biki ya ce a dawo gobe alhali direban da aka yi shata yana jiran kuɗinsa. Asarar kan faɗa kan ƙananan 'yan ƙungiya, domin sai an cire kuɗin mota da na lasifika kafin a yi rabo.

Manufofin gwamnati ma sun shigo filin. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya busar da liƙi. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya tsawwala kuɗin sufuri da na janareta. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta liƙa kuɗi a wurin biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma hukumar EFCC ta tsananta aiki da shi tun 2024.

Lokacin yaƙin neman zaɓe ne kasuwa ta fi buɗewa, shi ne kuma mafi haɗari. Ƙungiyar da ta yi wa ɗan takara waƙa, idan ya faɗi, takan rasa kuɗin da aka yi mata alkawari, ta kuma rasa gayyatar ɓangaren da ya ci. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta amince da haƙƙin mai wasa a kan wasansa, sai dai ɗan amshin da babu sunansa a kowace takarda, da wuya ya samu abin riƙewa ranar da za a yi ƙorafi.