Itacen Asuwaki: Mai Rayuwa a Ƙasar Kanwa

Kowane manomi ya san inda kanwa ta fito fari fat a gona, gero ba ya yi, dawa ba ta yi. Amma akwai wani itace wanda irin wannan ƙasa ba ta dame shi ba. Shi ne itacen asuwaki, wanda Larabawa ke kira arak, masana kuwa suna ce masa Salvadora persica.

Ana samunsa tun daga Sanagal har zuwa ƙasar Indiya. A wajenmu ya fi yawa a bakin Tafkin Chadi da gabashin Nijar. Ba ya yin tsawo sosai, da wuya ya wuce mita 6. Rassansa sukan sunkuyo har ƙasa. Ganyensa mai kauri ne, yana riƙe ruwa, yana kuma tara gishirin da saiwa ta jawo. Shi ya sa da rani, sa'ad da daji ya bushe ƙurmus, shi yana nan kore shar, raƙuma da awaki suna ci suna ƙoshi.

Mutanen Barno na dā sun san asirinsa. Sukan ƙone rassansa, su tace tokar da ruwa, su dafa ruwan cikin tukwane har ya daskare ya zama gishiri. Wannan gishiri, wanda ake kira kige, ya daɗe yana shiga miya a ƙasar Barno. A Indiya kuwa ana matse mai daga ƙwayarsa a yi sabulu.

Mu dai mun fi saninsa da saiwarsa, wadda muke goge haƙora da ita. To, a nan ne matsalar take. Mai neman kuɗi da sauri yakan tone saiwar duka, itacen ya mutu. In ya mutu kuwa, wane itace ne zai tsaya a gurbinsa cikin kanwa? Sai iska ta kwashe ƙasar, dabbobi su rasa abincin rani.

Saboda haka, jama'a, in za mu tona, mu ɗebi saiwa kaɗan daga gefe guda, mu mayar da ƙasa mu rufe ramin. Wanda ke da fili mai kanwa, kada ya ce ya yi asara. Ya samo 'ya'yan da suka nuna, ya shuka da damina, ya kewaye da ƙaya don awaki. Mu koya wa yaranmu haka tun suna ƙanana.