Ɓad da Sawu a Cikin Waya

Falken da ya sayar da shanu a kasuwar Wudil ranar Juma'a, zai koma Gaya ko Ajingi da kuɗi a lalita, ya san cewa in kullum bayan La'asar yake tashi, kuma mota ɗaya yake shiga, to ɗan fashi ba ya bukatar mai tsegunta masa. Shi ya sa yake ɓad da sawu: wannan makon ya kwana a Wudil, na gaba ya tashi da Azahar.

Wayar da ke aljihunsa ma haka take yi. Wayoyin Android suna tafiya ne a kan Linux, kuma cibiyar wannan manhaja, wadda ake kira kanel, ita ke zaɓen lambobin da ake buɗe kowace hulɗa da su a intanet. Wanda ya iya cankar lambar, zai iya shigowa da sunan wani. Tun 1985 Robert Morris ya nuna cewa irin waɗannan lambobi a wata manhajar kwamfuta mai suna BSD a jere suke tafiya. Ba a ɗauki gargaɗin da gaske ba, sai da aka bi ta wannan kafa aka kutsa kwamfutocin Tsutomu Shimomura a Amurka ranar 25 ga Disamba, 1994, kutsen da ya sa aka bi sawun Kevin Mitnick, wanda aka zarga da shi, har aka kama shi.

Sai mutum ya ce, to a rikita lambobin gaba ɗaya mana! A nan ne aikin masu bitar gyaran irin waɗannan manhajoji yake, kuma su nake jinjina wa. Falken da ya rikita tafiyarsa har iyalinsa ba su san ranar dawowarsa ba, in wani abu ya same shi a hanya, wa zai fita nema? Lambobin ma dole su riƙa ci gaba, don kada tsohon saƙon da ya makara ya shiga cikin sabuwar hulɗa. Dabarar da Steven Bellovin ya kawo a 1996 ta haɗa biyun: agogo mai tafiya gaba, da wani sirri da na waje bai sani ba.

Wani ɓad da sawun kuma shi ke tona mutum. In falke yana sauya hanya amma bisa wani tsari nasa shi kaɗai, mai haƙurin sa ido zai gane shi ko da ya sauya riga. A 2022 masu bincike a Jami'ar Hebrew ta birnin Ƙudus suka gano cewa yadda Linux ke zaɓen lambar ƙofar da hulɗa ke fita ta cikinta, daga jadawali mai gurbi 256, yana iya sa a gane na'ura duk inda ta shiga. Willy Tarreau da Eric Dumazet suka kawo gyara, aka faɗaɗa jadawalin zuwa gurbi 65,536. Bayan haka aka lura cewa ya yi wa ƙananan na'urori nauyi, sai aka ba masu haɗa su damar rage shi.

Wannan kai-komo ba ɓata lokaci ba ne. Amma gyaran ba ya isowa wayar da ba a sabunta ta. Mai sana'ar POS a Gaya, da ɗalibar da ke biyan kuɗin makaranta ta waya a Ajingi: in na'ura ta nemi sabunta tsaro, a daure a sa data a bar ta ta gama.