Hatimin da Ba a Buga Ba: Takardu da Neman Lauya ga Mai Aiki a Ƙetaren Iyaka

Wani ɗan ƙanwata mai sana'ar saka tayil ya samu aikin wata huɗu a wani gini a Maraɗi. Daga Katsina tafiyar ba ta kai ta Kano nisa ba, don haka ko sallamar kirki bai yi wa uwarsa ba. Ya ɗaure injin yankan tayil da igiyar roba, ya soka katin zaɓe a aljihu, ya kama hanya. Kafin a kai shinge wani ɗan acaɓa ya tare shi: "Maigida, in ka bi ta gaban ofis ka ɓata rabin yini. Hau mu zaga." Ya hau, suka zaga ta cikin gonaki, yana murna ya yi wayo.

Bai gane kuɗin wannan wayon ba sai da aiki ya ƙare. Mai ginin ya biya rabi, ya riƙe rabi. Da yaron ya ce zai kai ƙara, mutumin ya tambaye shi cikin ruwan sanyi, "Da wace takarda ka shigo ƙasar?" Nan maganar ta mutu. Ya kira ni cikin dare yana cewa, "Kawu, in na je wurin hukuma ni za a fara tsarewa." Ban iya ce masa ƙarya yake ba.

Mu mutanen wannan yanki muna da dalilin raina takarda. Iyakar Najeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta, suka ratsa ta tsakiyar dangi. Har gobe sarkin Maraɗi sarautar Sarkin Katsina yake riƙe da ita. Wanda ya tashi yana ganin ana kai amarya daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko ana koro shanu daga ƙasar Damagaram zuwa kasuwar Maigatari, da wuya ya ji a ransa cewa ƙasar waje ya shiga. Sai dai jami'in da ke bayan tebur ba tarihi aka sa shi ya duba ba, kuma alƙalin da za ka tsaya gabansa neman haƙƙinka ba zai tambayi kakanka ba.

Yarjejeniyar da kowa ke kafa hujja da ita, ta ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira CEDEAO, an sa mata hannu a Dakar a 1979. Abin da ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar a matakin farko shi ne ya shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, in yana riƙe da ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi. Nan mutane da yawa suke tsayawa da saurare. Ba a ce a shiga ba takarda ba, ba a kuma ce kwana 90 ɗin lasisin aiki ba ne. 'Yancin zama don neman aiki sai a 1986 aka ƙaro shi, na kafa sana'a kuma a 1990, kuma wanda zai wuce kwana 90 sai ya je wurin hukumar ƙasar da ya sauka ya nemi izinin zama. Yarjejeniyar ta kuma bar wa kowace ƙasa ikon mayar da wanda dokarta ta ce bai cancanci shiga ba.

To daga ina ake fara ƙirga kwana 90? Daga ranar da ke jikin hatimin shiga. Wanda ya bi ɓarauniyar hanya ba shi da ranar farawa, don haka ba shi da abin da zai nuna cewa bai wuce wa'adi ba, ko da jiya ya shigo. Wannan ɗan tawada da ake gani kamar ɓata lokaci, shi ne shaidar farko da lauya zai nema in magana ta tashi.

Yanzu kuma ƙasa ta motsa a ƙarƙashin tsohon tsarin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, aka kuma sanar da fasfon ƙawancen ƙasashen uku, wato AES. Ɓangarorin biyu sun sanar cewa za a ci gaba da zirga-zirga ba biza, amma irin sanarwar da ake iya sauyawa ce, ba yarjejeniyar dindindin ba. A watan Janairun 2025 ɗin ne kuma hukumomin Yamai suka fitar da sabuwar doka kan shiga da zaman baƙi, wadda ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi. Saboda haka labarin wanda ya ƙetara shekara uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne a yau. Kafin ka karɓi kuɗin kafin alƙalami daga mai aiki, ka je ofishin shige da fice na jiharka, ko ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano, ka tambayi takardar da ake karɓa a wannan watan. A ganina mai tafiya aiki ya daure ya yi fasfo cikakke. Katin zaɓe na zaɓe ne, takardar NIN ma ba takardar tafiya ba ce.

Katin rigakafin shawara ya fi komai sauƙi, amma a kansa ake yawan tatsar mutane. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun daga 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka yi allurar ta gaskiya, kar ka sayi katin da aka cike a tasha.

Matsalar da ta fi cin mutanenmu a ɓoye ita ce ta suna. Mutum ɗaya ne, amma a katin makaranta Usman, a takardar haihuwa ta can gefen Ousmane. Nan Muhammadu, can Mahamadou. Wani ya sa sunan garinsu a matsayin sunan ƙarshe a fasfo, a takardar mai aiki kuma aka rubuta sunan mahaifinsa. Ga kuma tarin waɗanda aka yanka wa ranar haihuwa 1 ga Janairu domin ba wanda ya rubuta ainihin ranar, sai ka ga shekarar ma ta bambanta daga kati zuwa kati. A da jami'i kan dubi fuskarka ya yi murmushi ya ce wuce. Yau a manyan mashigai ana ɗaukar hoto da zanen yatsu, kuma kwamfuta ba ta san cewa Abdu shi ne Abdou ba. Mafi haɗari su ne masu riƙe da katin ƙasa biyu da suna biyu da shekara biyu, abin da ba baƙo ba ne a garuruwan bakin iyaka. Ranar da yatsa ɗaya ya fito da mutum biyu, magana ta tashi daga kuskuren rubutu ta koma zargin jabu. Gyaran suna a gida ake yin sa, da takardar rantsuwa ta kotu da bin layin ofishin da ya ba da katin, tun kafin a ɗaura kaya.

A gaban teburin kuma, faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka. Da yawa sukan ce "biki zan je" alhali ga injin walda a buhu, saboda wani a mota ya ce haka ake cewa. Jami'i ba makaho ba ne, kuma ƙaryar da aka rubuta a kundi tana bin mutum har zuwa gaba. Ka riƙe wasiƙa daga wanda ya kira ka aiki, mai ɗauke da sunansa, da inda aikin yake, da tsawon lokacin, da nawa aka yi jinga. Ita za ta amsa tambayar jami'i, ita kuma za ta tsaya maka ran da aka hana ka kuɗinka. In aka ƙi shigar da kai, kar ka ɗaga murya, kar kuma ka koma baya ka hau acaɓa ka zaga, don nan ƙaramar matsala ke zama babba. Ka tambayi dalili cikin ladabi, ka duba abin da aka buga ko aka rubuta a fasfonka, ka riƙe kwanan wata da sunan mashigar. Kar ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar Faransanci ko Turanci da ba a fassara maka ba. Duk kuɗin da aka ce na hukuma ne, ka nemi rasit. In har tsare ka aka yi, kana da damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka, bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963.

An ce matambayi ba ya ɓata, amma ya danganta da wanda ya tambaya. Kowace tasha tana da gwaninta, mai jaka a hammata, wanda "ya san manya" kuma zai fitar maka da katin zama cikin kwana biyu. Wasu zauruka a WhatsApp da Facebook ma sun cika da masu fatawa: wanda ya yi sa'a sau ɗaya ya zama malamin doka. Ba na cewa duk maƙaryata ne. Sarkin zango da shugabannin ƙungiyar 'yan ƙasa sukan taimaka ƙwarai wajen nuna ƙofar da za a buga da tsayawa a matsayin shaida. Amma in magana ta kai ga an mayar da kai da wani rubutu a fasfo, ko an ƙwace takardunka, ko ka wuce wa'adi da watanni, ko an ambaci kotu, to aikin lauya ne.

Kuma lauyan ƙasar da matsalar ta faru. Dokar Najeriya ta gaji tsarin Ingila, ta Nijar ta gaji na Faransa. Gwanin lauya a Kano zai iya ba ka haske, amma wanda zai shiga ya fita a Damagaram shi ne mai rajista a can. Ka tabbatar lauya ne na gaske ta hanyar ƙungiyar lauyoyin ƙasar, ka tambaye shi ko ya taɓa riƙe irin wannan shari'ar, ku yi maganar kuɗi a rubuce. Tambayar farko da za ka so ya amsa ita ce: mayar da ni kawai aka yi, ko kora ce, ko an hana ni shiga na wani lokaci? Ukun nan ba ɗaya ba ne, kuma kowanne da hanyar gyaransa. Ka faɗa masa komai, har da zagayen da ka yi da katin da ka saya, don lauyan da ya fara jin asirinka daga bakin ɗan sanda ba abin da zai iya yi maka. Wanda ya yi maka rantsuwa cewa tabbas za a ci nasara, ka ɗauki takardunka ka fita. Marasa hali suna da inda za su fara: Hukumar Ba da Tallafin Shari'a a Najeriya, da takwararta ANAJJ a Nijar.

Wannan duka ya shafi 'yan'uwanmu na Nijar da ke gadi da ga-ruwa da sayar da shayi a Legas da Abuja, waɗanda sukan shekara goma ba su taka ofishin shige da fice ba. Ya shafi masu gangarawa Gana, inda dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan kasuwancin cikin kasuwa ga 'yan ƙasa, aka kuma rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020 duk da yarjejeniyar ECOWAS. Dattawan zango ba su manta korar baƙi ta 1969 a Gana ba, kamar yadda ba a manta ta 1983 a Najeriya ba. Duka biyun da tambayar takarda aka fara. Kamaru da Chadi kuwa ba sa cikin ECOWAS tun asali, ƙa'idarsu daban ce.

Shi ɗan ƙanwar tawa wani dattijo a unguwar ya shiga tsakani, aka ba shi wani abu daga cikin ragowar kuɗin, ya haƙura da sauran. Da ya dawo muka baje takardunsa a kan tabarma, muka tarar da sunansa iri uku da shekarar haihuwa iri biyu. Wata biyu ya yi yana gyara kafin a ɗauki hotonsa na fasfo. An sake kiran sa aiki bayan salla, ya ce wa sabon mai ginin ya fara aiko da wasiƙa.