Daga Suki zuwa Gallabat: Ƙwaya na cin jari tun kafin a kai kasuwa

Mu da muka saba bin hanyar Suki zuwa Gadarif, har kan iyakar Gallabat da Habasha, ba sai an ba mu labarin yadda safara ta canja ba. A da, abin da mai kaya ke tsoro shi ne ruwan sama da ɓarayin hanya. Yanzu kuwa har da direban da ya ɗauko masa riɗinsa da dawarsa, domin bai san abin da ya haɗiya kafin ya tayar da mota ba.

Hausawan wannan yanki ba baƙi ba ne. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka yi gabas, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Maiwurno a gefen Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka buɗe noman rani na Jazira a 1925, da hannun kakanninmu aka tsinci auduga. Da ƙwazo da riƙon amana aka san mu, kuma shi ne ainihin jarinmu.

Barasa dai tsohuwar matsala ce. A Satumbar 1983 Shugaba Numairi ya haramta ta, har aka zubar da kwalabe a kogin Nilu, sannan dokar laifuka ta 1991 ta tanadi bulala 40 ga Musulmin da ya sha. Amma marisa da aragi, wanda ake dafawa da dabino, suka koma bayan gida. A nan haɗarin yake, don babu mai auna ƙarfin abin da aka dafa a ɓoye. A 2011 gomman yaran titi sun mutu a Khartum bayan sun sha sinadarin isbirto, wanda ko bai kashe ba yana makantarwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne ƙwaya. Ɗan dako da mai yankan riɗi suna shan tiramol wai don kada su gaji. Gajiyar tana nan, jiki ne kawai ya daina sanar da mai shi. Yau ɗaya, gobe huɗu, jibi sai farfaɗiya ta kayar da shi a tsakiyar kasuwa. In ya haɗa ta da aragi, numfashi na iya tsayawa yana barci. Kuɗin sayen ta kuwa, daga aljihun maigida suke fita a hankali: buhu ya rage mudu, ciniki ya ƙi cika.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara dagula lissafi. Dakarun RSF sun shiga Sinja da Suki a tsakiyar 2024, sojoji suka ƙwato Suki a Oktoba. A Fabrairun 2025 kuma hukumomi suka ba da sanarwar gano wata masana'antar ƙwayar Kaptagon a Jaili, arewa da Khartum. Wato ba shigo da ita kaɗai ake yi ba.

Shi ya sa muke jan kunnen 'yan'uwa game da saƙo. Wani zai tare ka a tasha, ya ce, "Alhaji, don Allah ka miƙa wa ƙanena wannan kwalin a Gallabat." Kunya ta hana ka buɗewa. A shingen bincike kuwa, wanda aka samu kwalin a cikin kayansa shi ake tambaya, kuma motar da riɗin duk a nan za su kwana.