Dogon direba da kujerar mota: yadda wayar hannu ke taimakawa wajen gyara zama

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Ƙaura Namoda zuwa Zurmi ta Dauran ya san yadda ake lodi. Golf ce, mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Kowa na kukan matsi, amma wanda ba a cika lura da shi ba shi ne direban kansa, musamman idan Allah ya yi shi dogo. An turo kujerarsa gaba don na baya su sami wurin ƙafa, gwiwarsa na gogar ƙasan sitiyari, hularsa na taɓa rufi duk lokacin da taya ta faɗa rami. A haka zai je ya dawo, wata rana har sau biyu ko uku.

Matashin da ke da motar kansa kuma yakan faɗa ɗaya kuskuren. Da ya shiga sai ya ja kujera baya har ƙarshen layinta, ya kwantar da majingina kamar mai shirin barci, ya miƙa hannu ɗaya ya kama saman sitiyari. A ido zaman gayu ne, kuma mintuna goma na farko akwai daɗi. Kafin a isa Shinkafi daga Ƙaura wuya ya sage, ƙugu ya ɗauki zafi. Duka zaman biyu suna cutar da jiki, kuma duka biyun suna rage abin da bel da jakar iska za su iya yi wa mutum ranar da aka yi karo.

Dalilin da ya sa mota ke matse dogo

Kamfanonin ƙera mota ba su auna kowa da kowa. Suna tsara wurin zaman direba ne don ya ɗauki yawancin jama'a, daga gajeriyar mace zuwa namijin da ya fi kashi 95 cikin 100 na maza tsawo. Mutum-mutumin da aka fi sakawa a mota lokacin gwajin karo, wato Hybrid III da kamfanin General Motors ya fitar a 1976, tsawonsa kusan santimita 175 ne. Babban yayansa, wanda ke wakiltar manyan maza, yana kai kusan santimita 188. Wanda ya kai haka ko ya wuce, to yana bakin iyakar abin da aka tsara, kuma santimita biyu ko uku na iya raba shi da ciwon baya.

Su ma dogayen ba iri ɗaya ba ne. Wani tsawonsa a ƙafa yake, matsalarsa gwiwa da sitiyari. Wani kuma a gangar jiki yake, yana da wurin ƙafa amma kansa na dukan rufi, kuma ba ya ganin abin da ke sama da hanya sai ya duƙa. Shi ya sa ba a kwaikwayon zaman wani.

Daga ƙafa ake farawa

Tsarin da ake bi wajen gyaran yana da muhimmanci, domin kowane mataki yana canza na bayansa. A tsayar da motar a wuri mai daidai, a kashe ta. A cire waya da walat daga aljihun baya, saboda zama a kansu na karkatar da ƙugu gefe guda, yana kuma danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Direba ya tura mazaunansa can cikin lungun kujera, kada ya bar rami tsakanin bayansa da majingina.

Sai ya taka kuloci har ƙasa da ƙafar hagu. Idan motar otomatik ce, ya danna birki da ƙarfi da ƙafar dama. A wannan hali gwiwa ta kasance da ɗan lanƙwasa, kusan digiri 120, ba a miƙe sambal ba. Idan sai ya miƙe ƙafa gaba ɗaya, ko sai ya zamo daga kujera kafin ya kai ƙarshen kuloci, to ya yi nisa, ya matso. Dalilan biyu ne. Miƙaƙƙiyar ƙafa ba ta da sauran ƙarfin da za ta ƙara wa birki lokacin da akuya ko ɗan acaɓa ya faɗo hanya. Sannan idan aka yi karo ta gaba, ƙarfin bugun yana bi ta ƙashin ƙafar da ta sandare ya wuce kai tsaye zuwa kwatangwalo, alhali lanƙwasasshiyar gwiwa tana iya naɗewa ta rage shi.

Abin da zai ba dogaye da yawa mamaki shi ne, sau da yawa wurin da ya dace ba ƙarshen layin ba ne, taki ɗaya ko biyu ne kafin ƙarshen.

Bayan nan sai tsayin kujera. Yawancin motocin da ke da wannan gyara suna da liba ko maballi a gefen kujera ta wajen ƙofa. Dogo ya saukar da ita har sai an sami aƙalla faɗin yatsu huɗu tsakanin kansa da rufi. A nan akwai abin da littafin mota bai sani ba: hula. Zanna ko kube tana cinye wannan tazarar gaba ɗaya, sai mutum ya riƙa sunkuyar da kai bai ma sani ba. A doguwar tafiya gara a ajiye ta a gefe, a mayar idan an isa. Idan gaban kushin yana ɗagawa, a ɗan ɗaga shi ya tallafi cinya, amma a bar faɗin yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kushin da bayan gwiwa don jini ya gudana.

Majingina, inda aka fi yin kuskure

Dogon da kansa ke taɓa rufi yakan ga mafita a kwantar da majingina. Lallai kai yana samun wuri, amma sai kafaɗu su yi nisa da sitiyari, ya miƙa hannu, ya turo wuya gaba don ya ga hanya. Kan babban mutum yana da nauyin kusan kilo biyar, kuma jijiyoyin wuya ne ke riƙe da shi a wannan karkatar har tsawon tafiya, a kan hanya mai gargada.

Haɗarin da ya fi wannan yana wajen bel. An tsara ɓangaren ƙasa na bel ya kama ƙashin ƙugu, wanda ke da ƙwari. Idan mutum a kishingiɗe yake aka yi karo, jikinsa na iya zamewa ta ƙarƙashin bel ɗin, sai ya hau ciki ya matse hanji da sauran kayan ciki. Bel mai maɗauri uku da injiniyan Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro a 1959 yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana, amma ga wanda ya zauna yadda aka tsara. A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta ɗaura shi a farkon 2003. Ɗaura shi don ganin jami'ai a hanya, mutum kuma yana kwance, rabin aiki ne.

A nan ne waya ke shigowa. Kusan kowace wayar zamani tana da ƙaramar na'ura a ciki mai gane karkata, ita ce ke juya allo idan an kwantar da waya. Masu iPhone suna da ma'aunin karkata a cikin manhajar Measure da ta zo da wayar. Masu Tecno, Infinix, Itel ko Samsung za su sami manhajojin auna kwana kyauta a Play Store, ƙanana ne, ba sa cin data sosai. A jingina dogon gefen wayar a tsakiyar majingina a duba lamba. Karkatar digiri 20 zuwa 25 daga tsaye ita ake nema, abin da ke ba da kwana kusan 100 zuwa 110 tsakanin cinya da gangar jiki. Wanda ya saba kishingiɗa zai ji kamar an sa shi zaman aji a kwanakin farko. Jiki yana sabawa.

Sitiyari ne zai zo wurin direba

Gwajin mai sauƙi ne. Kafaɗu na manne da majingina, a miƙa hannu ɗaya saman sitiyari. Wuyan hannu ya kamata ya sauka a kai, ba ƙarshen yatsu ba. Idan haka ta samu, lokacin da aka riƙe sitiyari a gefe da gefe, wato inda ƙarfe tara da ƙarfe uku suke a fuskar agogo, gwiwar hannu za ta kasance da lanƙwasa, kuma za a iya juya shi da sauri ba tare da ɗago baya ba.

Motoci da yawa suna da liba a ƙarƙashin sitiyari da masu su ba su taɓa taɓawa ba. A wasu sama da ƙasa kawai take kai shi, a wasu kuma har da jawo shi kusa ko tura shi ciki. Ga dogo, wannan jawowar ita ce ta fi komai daraja, domin tana ba shi damar barin kujera a baya saboda ƙafa, hannu kuma ya kai. Golf 4 tana da duka biyun. Corolla samfurin Amurka na 2003 zuwa 2008, wadda ta cika hanyoyin Arewa, sama da ƙasa kawai take yi, sai a samfurin 2009 aka ƙara jawowa. Haka ma Pontiac Vibe ta waɗannan shekarun. Wanda ke da irin wannan motar dole ya yi sulhu: ya matso da kujera taki ɗaya, ya miƙar da majingina kaɗan, ya ɗaga sitiyari don gwiwa ta wuce.

Matsowar ma tana da iyaka. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, tana ba da shawarar a bar aƙalla inci 10, kusan santimita 25, tsakanin ƙashin ƙirji da tsakiyar sitiyari, saboda jakar iska tana fitowa da gudun da zai iya kai kilomita 300 a awa. Ba sai an nemo tef ba. Yawancin wayoyin yanzu tsawonsu santimita 16 ne ko 17, don haka waya ɗaya da rabi ita ce tazarar. Direban hayar da aka turo gaba don a ƙara fasinja ɗaya a baya ya gwada wannan awon sau ɗaya, ya kwatanta da kuɗin kujera guda.

Matashin kai da madubai

Abin da ke saman kujera ba ado ba ne, kuma ba don hutawa aka sa shi ba. Idan mota ta bugi wata ta baya, gangar jiki na tafiya gaba tare da kujera, kai kuma yana komawa baya. Matashin ne ke tare shi. Ga dogo, matashin da aka bari a ƙasa yakan tsaya daidai wuya, sai kai ya lanƙwasa ta samansa, abin da ya fi rashin sa muni a wasu lokuta. A ɗaga shi har samansa ya yi daidai da saman kai, ko aƙalla ya wuce kunnuwa, kuma tazararsa da ƙeya kada ta wuce faɗin yatsu uku. A motocin haya da dama an cire shi ma gaba ɗaya. Ana samun na gwanjo wurin masu sayar da kayan mota a Gusau, kuma ya cancanci kuɗinsa.

Ɓangaren bel na sama ya bi ta tsakiyar kafaɗa. Idan yana zamewa ta gefen hannu, a duba ginshiƙin ƙofa, yawancin motoci suna da maɗaurin da ke hawa sama. Madubai su ne na ƙarshe, bayan an gama komai. Akwai wata dabara a nan: a saita madubin tsakiya lokacin da aka zauna daidai. Duk sa'ad da direba ya duba ya ga rufi ko kujerar baya maimakon hanya, ya san ya zame.

Da an gama, a ba aboki waya ya ɗauki hoto daga gefe, ƙofa a buɗe, hannu a sitiyari. Hoton yana nuna abin da jiki ba ya ji, kamar wuyan da ya turo gaba ko bayan da ya rabu da majingina. Yana kuma da amfani a gidan da mota ɗaya ce tsakanin wa da ƙane, kowa ya san inda zai mayar da kujerarsa.

Ita kanta wayar tana buƙatar wuri. Idon dogo yana kusa da saman gilashi, madubin tsakiya ya riga ya tare masa wani ɓangare na hanya. Manna mariƙin waya a gilashin yana ƙara rufe masa ido. Ya fi kyau a maƙala shi ƙasa, kusa da ramin iskar AC, ba kuma a kan murfin jakar iska ba, ko ta direba ko ta fasinja.

Gyaran da bai kamata a yi ba

Akwai masu kai mota wurin mai walda a yanke layin kujera a ƙara masa tsawo, ko a mayar da shi baya a liƙe. Ƙusoshin da ke riƙe kujera an yi su ne su jure ƙarfin karo, kuma a motoci da yawa makullin bel a jikin kujerar yake. Idan walda ta balle, kujera da bel da direba tare za su tafi. Abin da ya fi dacewa da tsohuwar mota shi ne a kai ta wurin mai kushin. Soson da ya mutu yana sa ƙugu ya nutse ƙasa da gwiwa sosai, baya ya gantsare ta inda bai kamata ba. Sabon soso mai ƙarfi, da ƙaramin tawul da aka naɗe aka sa daidai ramin baya, suna yin aikin da kujera mai tsada ke yi.

Ko zama ya yi kyau, jiki ba ya son daɗewa wuri guda. Dokokin hanya na Birtaniya suna ba da shawarar hutun aƙalla mintuna 15 bayan kowace awa biyu, kuma saita ƙararrawar waya kafin a tashi ya isa tunatarwa. A hanyoyin Zurmi da Shinkafi, halin tsaro ya sa ba a tsayawa a daji don miƙe ƙafa, don haka a tsara hutun tun daga gida ya faɗo cikin gari, a tasha ko gidan mai.

Ga wanda ke shirin sayen 'yar Kwatano kuwa, ya zauna a ciki kafin a fara ciniki. Mota mai tagar rufi tana rage wurin kai da wasu santimitoci, ko da samfurin iri ɗaya ne da marar taga. Ya laluba ƙarƙashin sitiyari ya ga ko yana jawuwa, ya ɗaga matashin kai har ƙarshe ya ga ko ya kai kunnensa, sannan ya taka kuloci da takalmin da ya saba tuƙi da shi.