Yadda Za Mu Auna Gwanintar Mai Tare Ruwa a Wasan Langa

Duk yaron da ya tashi a Kura ko Bunkure ko Garun Malam ya san langa. Wasa ne na dandali, galibi da farin wata bayan an kawar da amfanin gona. 'Yan wasa sukan kasu gida biyu, kowa ya kama ƙafarsa ɗaya da hannu ta baya yana tsalle da ɗayar. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa, to, an kashe shi, sai ya fita. Ɓangare guda sukan fid da mutum ɗaya wanda ake kira ruwa, 'yan'uwansa su yi masa rakiya suna buɗa masa hanya har ya kai wurin sha. Ɗaya ɓangaren kuwa aikinsu shi ne su tare shi, su kashe shi kafin ya isa. Yau langa ta wuce dandali, domin tana cikin wasannin gargajiya, tare da dambe da kokawa, waɗanda jihohi ke karawa a kansu a Gasar Wasanni ta Ƙasa, wadda aka fara a Legas cikin 1973.

To, akwai wani rashin adalci da ya daɗe cikin wannan wasa. In ruwa ya sha, sai fili ya ɗauki sowa, kowa yana kiran sunansa. Amma wanda ya tsaya ya toshe hanya ba safai ake tunawa da shi ba. Ranar raba kyauta, ko ranar zaɓen waɗanda za su wakilci makaranta, da ido kawai ake zaɓe, ido kuwa wanda ya fi tsalle da kurari yake bi. Ta haka yaro mai amfani yakan rasa rabonsa, har ya yi zuciya ya bar wasan. Shin akwai hanyar da za a gane gwanin tarewa ba tare da son kai ba? Akwai, kuma mutanen Amurka sun daɗe suna bin ta cikin wani wasa nasu mai kama da namu.

Wasan nan suna kiransa ƙwallon ƙafa, amma da hannu aka fi yin sa, ƙwallon kuma dogo ne kamar gwanda. Kowane ɓangare mutum 11 ne, tsawon filin kuwa yadi 100. Masu ƙwallo ana ba su dama 4 su ci yadi 10; in sun ci a sake ba su wasu 4, in sun kasa ƙwallo ya koma ga abokan karawa. Ko dai su jefa wa ɗan'uwansu, ko kuwa wani ya rungume ƙwallon ya sheƙa da gudu. Wannan mai gudu shi ne ruwansu. Ɗan Nijeriya Christian Okoye, haifaffen Enugu, ya yi wannan aiki a ƙungiyar Kansas City Chiefs, har a 1989 ya fi kowa cin fili da yadi 1,480. A gaban mai gudu kuma akwai ƙarti uku ko huɗu na ɗaya ɓangaren, sun jeru sahu ɗaya don toshe kowace kafa. Cikin irinsu akwai Amobi Okoye, wanda ƙungiyar Houston Texans ta ɗauka a 2007 yana ɗan shekara 19.

Da farko abin da ake ƙidayawa shi ne sau nawa mutum ya kayar da mai ƙwallo. Amma masu lura suka ga wannan ƙidaya tana da aibi uku. Na ɗaya, ƙungiya mai rauni ita ce ke wuni tana tsaron gida, saboda haka 'yan wasanta sukan tara adadi mai yawa ba don sun fi kowa ba. Na biyu, wanda ya kayar da mai gudu bayan ya riga ya ci yadi 8, da wanda ya tsayar da shi nan take, duk ɗaya ake rubuta musu, alhali kuwa na farkon ihu ne bayan hari. Na uku, akwai ƙaton da sai mutum biyu sun taru a kansa kafin su iya riƙe shi. Shi ba zai taɓa mai gudu ba, amma saboda shi wani ɗan'uwansa ya sami sarari ya yi kayen. Misali shi ne Vince Wilfork. Cikin shekara 13 da ya yi yana wasa, sau 16 kacal ya kayar da mai jefa ƙwallo kafin ya jefa, wanda shi ne adadin da jaridu suka fi kambamawa. Duk da haka sau 5 ana zaɓensa cikin gwanayen shekara, kuma sau 2 ya ci kofin Super Bowl da ƙungiyar New England Patriots.

Don gyara wannan sai suka fito da dabaru uku. Ta farko, suka daina lissafa kowane kaye, sai wanda ya ɓata wa masu ƙwallo shiri. Watau a dama ta farko a hana mai gudu cin kimanin yadi 4 cikin 10, a ta uku ko ta huɗu kuwa a hana shi cika abin da ya rage. Ta biyu, sai a raba wannan adadi da yawan lokutan da aka yi gudu alhali mutumin yana cikin fili. Kamfanin Pro Football Focus ya yi suna wajen irin wannan lissafi.

Wannan dabara ta biyu ba baƙuwa ba ce ga iyayenmu manoman rani. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanai zuwa Kadawa da kewaye, ake noman shinkafa da alkama da tumatir a nan. A ce wani ya sami buhu 48 na shinkafa a eka 4, maƙwabcinsa kuma ya sami buhu 36 a eka 2. Na farko ya fi tari, amma kowace eka buhu 12 ta ba shi, na biyu kuwa buhu 18. Ba manomin da zai yi gardamar wanda ya fi iya noma.

Dabara ta uku ita ce ta na'ura. Ana liƙa wa kowane ɗan wasa wata 'yar na'ura a kafaɗa, mai nuna inda yake a kowane lokaci. Da wannan ne gidan talabijin na ESPN ya fito da wani ma'auni a 2020, wanda ke ba mutum maki in ya ture mai riƙe shi baya, ko ya tilasta wa mai gudu sauya hanya, ko da bai taɓa shi ba.

Mu ba mu da na'ura, amma muna da fensir da littafi. A gasar langa tsakanin gidajen makaranta, sai a sami ɗalibai biyu daga gidajen da ba sa cikin karawar su zauna gefen fili. A gaban sunan kowane mai tarewa su ja layi huɗu. Layi na ɗaya, sau nawa ya shiga fili. Na biyu, sau nawa ya kashe ruwa. Na uku, sau nawa ya kora ruwa wajen ɗan'uwansa, ko ya riƙe 'yan rakiya biyu har wani ya samu ya yi kisan. Na huɗu, sau nawa aka kashe shi tun wasa bai yi nisa ba. Wanda ya tsaya yana zubar da 'yan rakiya bayan ruwa ya riga ya wuce, kada a rubuta masa kome, ko da mutum biyar ya kayar.

Ga yadda lissafin zai kasance. A ce ɗalibi na farko ya shiga sau 20 ya kashe ruwa sau 6, watau kashi 30 cikin 100. Na biyu ya shiga sau 10 ya kashe sau 4, watau kashi 40. In kuma aka duba layi na uku aka tarar na biyun ya kora ruwa sau 3, to, cikin shiga 10 yana da hannu a tarewa 7. Da ido kawai, na farko za a ba kyauta.

Sai dai a yi hattara. Wasan yini ɗaya ba ya isa a yanke wa mutum hukunci, sai an tara na zango guda. A kuma duba da wa aka kara, domin tare ɗan aji ɗaya ba daidai yake da tare ɗan aji shida ba. Lissafi mataimakin idon malami ne, ba magajinsa ba.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na wasanni su ware kyauta ta gwanin tarewa, a kuma ba da ita bisa abin da littafi ya nuna. Iyayenmu kuma da ke ganin langa ɓata lokaci ce, su sani yaron da ya iya fid da kashi cikin ɗari a bakin fili, gobe shi zai auna musu ribar taki da ta iri a gona. Yabon gwani ya zama dole, amma sai an san wane ne gwanin. Allah Ya sa mu dace, amin.